Ruwan da Na Bari Ya Kwanta

A shekarata ta biyu a Manchester, malamar da ke duba bincikena na digiri na uku ta kira ni ofishinta a Oxford Road, ta ce akwai ɗan aikin da take so in yi mata. Wani tsoho ne mai mahaƙar dutse a tsaunukan da ke gabas da gari yake neman sabunta lasisinsa, hukumar da ke kula da ruwa kuma ta ce sai ya kawo sakamakon gwajin ruwan da yake zuƙowa daga ramin. Aikin yini ɗaya ne, in ji ta. In je in ɗebo samfur, in kai ɗakin gwaji, in sa hannu a takarda. Ruwan ƙarƙashin ƙasa nake karantawa, saboda haka ban ga abin dogon tunani ba. Na ce to.

Mahaƙar ba irin buɗaɗɗun ramukan da na sani a gida ba ce. Ƙofa ce aka fasa a jikin tsauni, hanya ta yi ta gangarawa ciki. Wani baƙin dutse mai taurin tsiya suke yankowa, ana yin matakalar bene da shi, da daɓen ƙofar gida, da allon da Turawa ke kafawa a kan kabari. Mutum shida ne ke aiki a wurin, har da tsohon. Gajere ne, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar inji, in zai saurare ka sai ya juyo maka da ɗayan. Daga mahaifinsa ya gaji wurin. Abu na farko da ya nuna mini shi ne injinan famfo biyu. Ya ce tsaunin kullum cikin tsattsafo da ruwa yake, waɗannan injinan ne ke kwashe shi dare da rana su zuba a wani kududdufi a waje, in ya kwanta ya gangara rafi. Ranar da aka kashe su, in ji shi, ruwa zai fara hawa, kuma ba zai tsaya ba sai ya cika ramin.

A can ƙarshen hanyar akwai wata 'yar rijiya da ruwan ke taruwa a ciki. Daga nan aka ce in ɗeba. Lokacin zafi ne, ruwan ya yi ƙasa, sandar ɗiban samfur da na ɗauko daga makaranta ta kasa kai wa gare shi. Na kwanta rub da ciki na miƙa hannu, saura kamar kamu biyu. Ƙa'idar aikinmu ita ce in koma gari in ɗauko doguwa, in dawo wata rana. Sai idona ya kai kan wani bokitin ƙarfe rataye a ƙusa, sabo fil, da igiya a gefensa.

Ni kuwa ɗan ƙauye ne. Tun ban kai tsayin bakin rijiyar gidanmu ba nake jan ruwa. Na ɗaura igiya a kunnen bokitin, na zura shi, na kaɗa igiyar sau ɗaya ya kife ya nutse, na jawo shi cike ko ɗigo bai zube ba. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya tafa mini. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Wata goma sha biyar ina ƙasar nan kullum ni ake koya wa abu, daga yadda ake shiga bas har yadda ake ware shara, yau ga abin da na fi su iyawa. Na ɗauraye bokitin sau uku na zubar, na sake jawowa.

Ruwan ya fito da ɗan gurɓi. A gidanmu ba a juye ruwan rijiya nan take. Ajiye shi ake yi ya kwanta, sannan a tsiyaye na sama. Uwata ba ta taɓa zaunar da ni ta koya mini haka ba, hannuna ne kawai ya san shi. Na ajiye bokitin a gefe, na fita waje na yi sallar azahar a bayan wani tulin duwatsu, na ci burodina, tsohon ya zuba mini shayi daga fulas ɗinsa muka ɗan taɓa hira. An fi awa guda kafin na koma na tsiyaya ruwan a kwalaben gwaji. Ya yi garau, har na ɗaga kwalbar a hasken fitila ina sha'awarsa. A takardar aiki akwai layin da ke tambaya ko an bi ƙa'idar ɗiban samfur. Na ce an bi, na sa hannu.

Da sakamako ya fito, komai lafiya sai abu ɗaya. Sinadarin zink, wani nau'in ƙarfe, ya yi yawa ƙwarai. Malamata ta ɗaga gira, amma ba ta yi mamaki can ba, don tsaunukan nan cike suke da tsofaffin ramukan dalma, kuma inda dalma take galibi zink na kusa. Muka aika wa hukuma. Bayan 'yan makonni wasiƙa ta iso wa tsohon.

Hukumar tana raba mahaƙai gida biyu. Akwai na dutsen gini, waɗanda ruwansu ba ya bukatar komai sai ya kwanta a kududdufi. Akwai kuma na ƙarfe, waɗanda dole mai su ya gina matatar ruwa, ya ɗauki ƙwararren da zai kula da ita, ya ci gaba da tace ruwan ko da ya daina haƙa. Wasiƙar ta ce an cire mahaƙar tsohon daga rukunin farko an mayar da ita na biyu, an kuma ba shi wa'adi. Matatar ruwa irin wannan ta fi ƙarfin mahaƙar mutum shida nesa ba kusa ba.

Ya kira ni a waya. Ya ce shekara hamsin yana cikin ramin nan bai taɓa ganin jijiyar ƙarfe ko ta kaurin zare ba, ko akwai kuskure? Abin da na gaya masa shi ne ya fi damuna har yau. Na ce masa na'ura ba ta ƙarya. Da muryar malamai na faɗa, irin wadda ake yi wa wanda bai yi boko ba. Ya ce ya gode.

Zoɓo ne ya tona ni. Wata maƙwabciyarmu a unguwar Longsight ta haihu, aka ɗora wa maiɗakina haɗa abin sha na ranar suna. Ta aike ni Stockport Road in sayo babban mazubi na roba. Na je na ga bokitin ƙarfe mai kyau, na ce wannan ya fi ƙarko, na sayo shi. Ta fita cefane ta bar ni da tukunya, ni kuma don in burge na tace zoɓon na juye a bokitin na rufe. Da ta dawo ta ɗanɗana, sai ta tofar a sinki.

"Baban yara, a me ka zuba wannan?"

Na nuna mata.

"Haba. Wa yake zuba abu mai tsami a bokitin ƙarfe? Ai cin jikinsa yake yi. Ɗanɗana ka ji, kamar ka tsotsi makulli. Kuma wai kai ne mai PhD a kan ruwa."

Dariya take yi, ni kuwa na tsaya da ludayi a hannu. Da zink ake shafe irin wannan bokitin don kada ya yi tsatsa. Ɗan aji ɗaya a fanninmu ya san wannan. Ruwan mahaƙar nan yana da ɗan tsami-tsami, ni da kaina na auna na rubuta. Kuma na bar shi fiye da awa guda a sabon bokiti yana jiƙa. Ta ga fuskata ta canza, ta ce, "Lafiya? Zoɓo ne fa, sai a sake wani." Na ce mata ba zoɓon ba ne, na zauna a kujerar kicin na ba ta labari daga farko. Da na gama ta ce, "To ka je ka faɗa musu."

Washegari na ari doguwar sanda na koma tsaunin. Na ɗebi ruwa iri biyu, ɗaya yadda littafi ya ce, ɗaya a bokitin mahaƙar na bar shi awa guda. Na farkon ya fito tas. Na biyun ya ba da kusan abin da muka aika wa hukuma. Na kai wa malamata takardun biyu. Ta cire tabarau ta daɗe tana murza ido, sannan ta ce mene ne ya sa na bar ruwan a bokiti. Na ce don ya kwanta. Ta sake tambaya, a zatonta ban fahimci Turancin ba. Na sake ba ta amsar.

Gaya wa tsohon ya fi wuya. A bakin ramin na same shi, na matsa kusa da kunnensa mai ji na faɗa masa komai. Na shirya wa zagi. Sai kawai ya yi dariya har da tari, ya ce ashe abin mai sauƙi ne, sai mu rubuta musu su gyara. Ni ma haka na ɗauka. A tunanina kuskure na fili, ga mai laifi ya amsa da bakinsa, me ya rage?

Muka rubuta. Aka amsa cewa an karɓi wasiƙarmu. Muka sake rubutawa, aka ce ba a janye samfurin da ya riga ya shiga kundi, sai dai a ɗaukaka ƙara kan rukunin da aka sa mahaƙar. Muka cike fom, aka dawo da shi wai mun yi amfani da na bara. Na buga waya ya fi a ƙirga. Kowane lokaci sabon mutum ne zai ɗauka, da ladabinsa da komai, ya ce ya fahimci damuwata, sannan ya ce ba sashensu ba ne. Ban taɓa ganin wurin da ake fahimtar damuwar mutum da yawa haka ba a yi masa komai ba. Wata biyar muka yi a haka, wa'adin tsohon yana ta matsowa, kafin aka sa mana ranar zama a gaban kwamitin ɗaukaka ƙara a Birmingham.

Na shiga jirgin ƙasa na safe. Wani abokina ɗan Filato, ma'aikacin jinya a wani asibiti a can, shi ya tare ni a tasha ya raka ni har ƙofar ginin. Kakansa haƙar kuza ya yi, don haka ya san abin da ruwa ke yi wa rami. A hanya ya yi ta tsokanata.

"Malam, wato scholarship guda aka ba ka, ka taho Ingila da guga."

"Ka bari don Allah."

"Seriously fa, a gida da tuni an gama. A samu wani babba ya sa baki, a ce yaro ne ya yi kuskure, a yi haƙuri, shi ke nan. Amma a nan kada ka gwada, I'm telling you. Babu wannan ƙofar."

Na ji shi, amma ban ɗauka ba. Kafin a fara zama na hango shugabar kwamitin a baranda tana jiran lif, mace mai furfura riƙe da fayil. Tarbiyyata ba ta bar ni in wuce babba haka nan ba, balle wadda zan tsaya gabanta ina da laifi. Na je na rusuna na gaishe ta, na ce ni ne wanda ya ɗebi samfurin, ina so in fara ba da haƙuri kafin mu shiga. Ta ja da baya taku ɗaya. Ta ce ba za ta iya magana da ni a wajen zama ba, kuma dole ta sanar da sauran cewa na tunkare ta. Haka kuwa aka yi. Abu na farko da aka rubuta a zaman shi ne cewa shaidan mai ƙara ya nemi ganawa da shugaba a keɓe. Gaisuwa ce fa na yi.

Su uku ne a bayan dogon tebur, mu kuma ni da tsohon da malamata. Tsohon ya sa kwat ɗin da ya yi masa kaɗan, ya zauna a karkace don kunnensa ya fuskance su. Na yi bayani dalla-dalla, na miƙa sakamakon gwaji na biyu. Ɗaya daga cikinsu, masanin sinadarai ne, yana ta gyaɗa kai, na ga alamar ya gane sarai. Sai shugabar ta ɗaga takardar aikina ta farko.

"Wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

"A nan ka ce an bi ƙa'ida. Yau ka ce ba a bi ba. Wanne kake so mu yarda da shi?"

"Na yau. Ai ga gwaji na biyu."

"Wa ya ɗebi na biyun?"

"Ni."

"Akwai wanda ba shi da alaƙa da mahaƙar da ya ga lokacin da ka ɗeba?"

Babu. Ta ce to ka gani. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba zan iya cewa ƙarya ta yi ba. Mutumin da ya sa hannu a kan abin da ba haka ba, shi ne kuma ya kawo gyaran. Amma ruwan yana nan a tsauni, tafiyar awa biyu a mota. Na ce su tura nasu mutumin gobe ya ɗeba, kwana uku sakamako ya fito. Ta ce ƙa'idar sauya rukuni tana bukatar gwajin shekara guda cur, kowane wata, daga hannun wanda hukuma ta amince da shi. Na ce amma da kwalba ɗaya kuka mayar da shi rukunin ƙarfe. Ta ce shigarwa daban, fitarwa daban.

Nan ne raina ya ɓaci, muryata ta fara hawa, malamata ta taɓa mini hannu. Na tambaya, a cikin shekarar nan zai ci gaba da zuƙe ruwansa? Aka ce da zarar wa'adi ya cika ba zai zuba ko ɗigo a rafi ba sai ta matatar ruwa. Na ce in ya kashe injinan ramin zai cika, ba sauran mahaƙar da za a sa a wani rukuni. Shugabar ta duba takardunta ta ce wannan batun ba ya gaban kwamitin. Tsohon bai ji ba, ya karkato ya tambaye ni me ta ce. Ni na maimaita masa a kunne.

A jirgin komawa na zauna ni kaɗai, don tsohon da malamata da mota suka zo. Ina jin haushin kwamitin, ina jin haushin fom ɗinsu da ladabinsu, amma duk inda haushin ya zaga kaina yake dawowa. Da na isa gida maiɗakina ta dubi fuskata, ta zubo mini abinci.

Tsohon ya nemi matatar ruwa ta haya, ta wucin gadi, abin bai yiwu ba. Ranar da wa'adi ya cika ya kashe injinan da hannunsa. Ma'aikatansa suka fitar da abin da zai fitu, sauran aka bari a ciki. Biyu suka samu aiki a wata mahaƙa mai nisa, ɗaya ya koma tuƙin babbar mota, ban san inda sauran suka nufa ba.

Kowane wata wata matashiya daga kamfanin da hukuma ta amince da shi takan zo ɗiban samfur. Ba wanda ya ce in riƙa zuwa, amma ina zuwa, in tsaya a gefe hannuna a aljihu. A wata na farko sai da muka yi tafiyar minti goma cikin ramin kafin mu tarar da ruwa. A na huɗu minti uku. Layin dogon da ake turo dutse a kai ya nutse, akwatunan wuta suka nutse, ginshiƙan katakon da ke tallafe da rufin suka jiƙa suka fara saki. Wajen wata na tara ba ma shiga, daga bakin ƙofa take tsugunawa ta cika kwalbarta. Duk wata sakamako ya fito tas. Malamata takan turo mini shi ba tare da ta ƙara ko kalma ba.

Wasiƙar ƙarshe ta zo bayan shekara da 'yan watanni. Shafi ɗaya ce. Ta ce bayan nazarin sakamakon gwaje-gwaje, an mayar da mahaƙar rukunin dutsen gini, mai ita yana iya ci gaba da aiki. Tsohon ya kira ni ya ce in zo in gani. Na same shi a ɗan ofishinsa na katako, ya rame, ya bar gemu. Ta taga ana hango ƙofar ramin, ruwa ya cika ta har yana malalowa ta ƙarƙashin ƙyauren ƙarfen da aka sa. Injiniyan da ya duba ya gaya masa rufin ciki ya rufta a wuri biyu, ko an kwashe ruwan ba mai barin mutum ya shiga.

Na karanta wasiƙar na ajiye. Na fara ba shi haƙuri, karo na nawa ban sani ba, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya juyo da kunnensa mai ji.

"Abu ɗaya nake so ka gaya mini, kai da ka karanta. Ruwan nan da na yi shekara hamsin ina zubawa a rafi, yaran ƙauyen nan suna wasa a ciki, da nawa 'ya'yan. Ba komai a cikinsa?"

Na ce ba komai. Tun asali ba komai.

Ya gyaɗa kai. Ya ce tun ranar da wasiƙar farko ta zo bai sake bin hanyar rafin ba, ta bayan coci yake zagayawa in zai je shago, don kada ya haɗu da iyayen yaran. Ko bayan na zo masa da labarin bokiti bai saki jiki ba, ya ɗauka ina neman rufa masa asiri ne don na ga ya tsufa.

Ban taɓa sanin wannan ba. Duk tsawon lokacin nan ramin nake lissafawa, da injina, da mutum shida. Ya ninke wasiƙar gida huɗu ya sa a aljihun gaba, ya ɗauki hularsa da sandarsa, ya ce in ba na sauri in raka shi shago ta hanyar rafi.